Buzun da Na Aro Wajen Malam

A shekarar da idon Inna ya fara mutuwa, ni ne shugaban mawaƙa a cocinmu na Badariya, kuma ba zan yi ƙarya ba, ina jin daɗin muƙamin nan fiye da kima. Aikin akawu da nake yi a ofishin gona don tuwo ne kawai. Ranar Lahadi ce ranata. In na sa farar rigata na ɗaga hannu, mutum talatin suka ja numfashi lokaci guda suna jiran in sauke shi, sai in ji duk Birnin Kebbi babu kamar ni. Har tafiyata takan canja in na fito daga sujadar coci, matata ce ta gaya mini.

Inna yayar mahaifiyata ce. Ita ta ɗauke ni ina ɗan shekara huɗu, bayan mahaifiyata ta rasu a ƙasar Zuru. Mijinta ɗan sanda ne, aiki ya kai su Argungu, ya rasu a can, ita kuma ta ƙi komawa gida. Allah bai ba ta haihuwa ba, sai ni. Da kifin da take soyawa a bakin kasuwa ta ciyar da ni, ta sa ni makaranta, ta yi mini aure. Da idonta ya fara yana, na je sau uku in ɗauko ta ta zauna da mu, sau uku tana koro ni. Ta ce kabarin mijinta yana Argungu, cocinta yana Argungu, kuma ba za ta je birni ta zama kayan ɗaki ba.

Ana nan sai shugaban ofishinmu ya kira ni. Ya ce akawunmu na Argungu ya yi ritaya, gurbi ya buɗe, kuma ya san ina da tsohuwa a can. Ya miƙo mini takarda ya ce in cika cikin mako biyu, in ban cika ba a ba wani. Na kai takardar gida. Matata tela ce, kekenta na ɗinki bai damu da garin da yake ba. Tana gama karantawa ta fara duban kwanuka da idon mai ɗaure kaya.

"Baban yara, mi za mu jira kuma?"

"Bari dai in nemi nufin Allah tukuna," na ce, da muryar da nake jan addu'a a coci.

Ta dube ni, ta dubi takardar, ta koma kan kekenta.

Gaskiyar magana, ba na son zuwa. Na san cocin da Inna take zuwa a Argungu. Mawaƙansu shida ne, huɗu a ciki sun girme ni nesa ba kusa ba, gangarsu ɗaya ce kuma ta fashe a gefe. Amma wa zai iya buɗe baki ya ce ya bar uwar da ta riƙe shi saboda ganga? Ba na iya faɗa wa matata, ba na iya faɗa wa kaina. Abin da nake so shi ne Allah ya faɗa a madadina, in samu wanda zan jingina wa.

Na fara da hanyar da kowa ya sani. Da safe in rufe ido, in buɗe Littafi Mai Tsarki, in dangwala yatsa. Ranar farko yatsana ya sauka a jerin sunaye, wane ya haifi wane, shafi guda cur. Rana ta biyu ya sauka a awon wani gini, kamu kaza tsawo, kamu kaza faɗi. Rana ta uku ya sauka a kan dokokin ciwon fata. Na gaya wa matata cewa tun da ba a ambaci tafiya ba, alamar zama ce. Ta ce ita a ganinta alamar in je asibiti ce a duba mini baya.

Ran Lahadi fasto ya yi wa'azi a kan wani bawan Allah na zamanin dā, wanda ya rasa tabbaci, ya shimfiɗa fatar rago a ƙasa ya roƙi alama: in gari ya waye fatar ta jiƙe da raɓa ƙasa kuma a bushe, to Allah ne ya aike shi. Da ya ga haka ya sake roƙo a juya, fata a bushe ƙasa a jiƙe. Ina jin wannan na gyara zama. Ban ji ƙarshen wa'azin ba, don na zagaya baya ina shirya mawaƙa, kuma zuciyata ta riga ta tafi lissafi. Watan Afrilu muke ciki. Wanda ya san bazarar Birnin Kebbi ya san ko ganyen mangwaro ba ya ganin raɓa a lokacin, mutum yakan kwana a waje ya tashi da gumi. Na ce a raina, ga gwaji mai kyau, na Littafi, wanda ba mai iya kushewa. Saura fatar rago.

Gidan da muke haya na wani tsohon malami ne, mai karantar da manyan ɗalibai a zaurensa. Gidansa yana manne da namu, da 'yar ƙofa a tsakani, ta nan matarsa Hajiya take shigowa duba awakinta da ke ɗaure a ɓangarenmu. 'Yan hayar mu uku ne: mu, da wata nas wadda take cikin matan zumunta na cocinmu, da wani mai keke-napep. Shekara shida muna zaune da Malam, ko kallon banza bai taɓa haɗa mu ba. In ya yi layya cinya guda tamu ce, in mun yi Kirsimeti shinkafarmu tana shiga gidansa. To ina kuma zan nemi fatar rago in ba wajensa ba?

Na same shi bayan la'asar, ɗalibai sun watse.

"Allah gafarta Malam."

"Maƙwabci, ina gajiya? Ina iyali?"

Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Na ce, "Malam, buzu nika so ka ara min."

Ya ɗago kai. "Buzu?"

"I, na rago. Mai kyau, in da hali."

"Na mi?"

Kunya ta hana ni in yi bayanin raɓa, sai na sunkuyar da kai na ce, "Wata magana ce tsakanina da Allah. Ta daɗe tana damuna, yanzu nika son in hwara."

Malam ya rufe littafin da ke gabansa a hankali. Ya daɗe yana kallona. Ya tashi da kansa, tsoho mai ciwon gwiwa, ya shiga cikin gida ya fito da buzun ragon layyarsa na bara, fari tas da baƙi a wuya, an jeme shi ya yi laushi. Ya miƙo mini da hannu biyu.

"Babu gaggawa, ɗana. Kar ka bari kowa shi matsa maka, har ni. Allah shi ka shiryarwa."

Na ce, "Amin, Malam, amin!" da ƙarfi, ina mamakin kirkin mutumin nan. Ni da na tashi a Argungu, na ga dubban tsofaffi suna salla a kan buzu, amma a ranar kaina ya cika da raɓa, ko kaɗan abin bai zo mini ba.

Bayan magariba na fito tsakar gida da buzuna. Na nemi wurin da ya fi tsabta, ya zama kusurwar gabas. Na shimfiɗa. Don kada in ɓata kayan mutane na tuɓe takalmi. Na durƙusa a kai, kuma da yake in addu'a ta yi nauyi nakan kai goshina ƙasa, haka na yi. Na ce, Ubangiji, in nufinka ne in koma Argungu, bari gari ya waye buzun nan a jiƙe, ƙasa a bushe. Da na ɗago na ga nas a bakin ƙofarta da kofi a hannu, baki buɗe. Mai keke-napep kuma yana tsaye a bakin zaure yana murmushi har kunne. Na ɗaga musu hannu na shige ɗaki, na yi barci mai daɗi irin na wanda ya san amsar jarrabawa.

Da gari ya waye na fito ina miƙa. Ƙasa a bushe ƙamas, kamar yadda na zata. Na sa hannu a kan buzu, sai na ji shi sharkaf. Na sake taɓawa. Na matsa gashin, ruwa ya ɗiga. Sai da na kai hannun kusa da hanci na gane irin raɓar da ta sauka. Jar akuyar Hajiya ta tsinke igiya, tana tsaye a gefe tana tuƙa, tana kallona ba ko kunya.

Matata ta fito, ta duba, ta shinshina, ta koma ta riƙe ƙofa don kada dariya ta kayar da ita.

"Wannan bai shiga lissahi ba," na ce. "Raɓa anka ce."

"Kai mi kac ce? Raɓa kac ce, ko jiƙewa?"

Jiƙewa kuwa na ce.

"To ai ya jiƙe. Wanda yay yi raɓa shi yay yi akuya."

Na ce mata ba a wasa da al'amarin Allah, kuma mace mai hankali ba ta yi wa mijinta dariya tun bai karya ba. Na ɗebi ruwan da muka saya wajen mai kura na wanke buzun da sabulu, na shanya a rana, ina zagin akuyar da duk zuriyarta.

A ranar na lura unguwa ta canja mini. Da zan fita na tarar da sabuwar buta a bakin ƙofarmu, shuɗiya, ba a ce daga wa ba. Mai shayin bakin titi ya soya mini ƙwai uku maimakon biyu. Mai keke-napep ya yi mini sallama cikakkiya, ya kira ni Malam, ya ce in bar babur ya kai ni ofis. Wani dattijo da bai taɓa amsa gaisuwata da fiye da kai ba ya riƙe hannuna ya daɗe yana sa mini albarka. Na yi ta tunani a hanya, na kai ga cewa labarin waƙar da muka yi ranar Ista ne ya fara zagaya gari. Har na ce a raina, ka gani, mutumin da ake ƙauna haka a Birnin Kebbi ina shi ina Argungu.

Da yamma na koma gwaji na biyu, tun da bawan Allahn nan ma sau biyu ya yi. Wannan karon na ɗaure akuyar da kaina, ƙulli uku. Na durƙusa na ce, Ubangiji, ka yi haƙuri da ni, amma in nufinka ne, bari buzu ya kwana a bushe, ƙasa duka a jiƙe. Na faɗi "duka" sau biyu don kada a samu kuskure. Ko awakin Hajiya duka sun haɗa kai ba za su iya jiƙa tsakar gidan nan ba, kuma ruwan sama sai nan da wata guda ko fiye.

Akwai famfo a tsakar gidanmu. Wata huɗu ke nan bai ɗiga ba. Kamar kowane gida a unguwar, a buɗe muke barinsa, don ranar da ruwa zai zo a ji. Da farko akwai bokiti a ƙarƙashinsa, daga baya mai bokitin ya gaji ya ɗauke abinsa, famfon kuma kowa ya manta da shi, har yara suna rataya masa tsumma.

Da asuba ihun nas ya tashe ni. Na zuro ƙafa waje na ji ta cikin ruwa har idon sawu. Tsakar gida ta zama fadama. Takalman yara suna yawo, murhun matata ya nutse, famfo yana ta zuba da ƙarfi kamar yana biyan kwanakin da ya yi shiru. Na yi tsalle zuwa kusurwar gabas ina addu'ar in tarar da buzu ya sha ruwa. Babu buzu a ƙasa. Yana rataye a kan katanga, a ninke, na taɓa shi na ji shi a bushe kamar an fito da shi daga akwati.

Hajiya tana tsaye da zani a ɗage, tana tara ruwa a tulu. Ta ce ita ta fara jin ƙarar famfo ta shigo.

"Ni naɗ ɗauke maka shi, ɗana, tun ruwa bai kai ba. Ba a barin abin salla ƙasa shi kwana. Sannu a hankali za ka koya."

Ni ban ji rabin maganarta ba, ina tsaye ina jujjuya buzu a hannu. Matata ce ta ji. Ta dubi Hajiya, ta dubi buzu, ta dubi shuɗiyar buta da ke yawo a kan ruwa, sai ta zauna daɓas a cikin ruwan tana dariya har da hawaye. Na tambaye ta lafiya, ta kasa magana, sai nuna ni take da yatsa.

Duk da haka ban sallama ba. Na ce ruwan famfo ba daga sama ya zo ba, kuma hannun mutum ya shiga cikin gwajin, saboda haka ya lalace. Ina cikin tsara gwaji na uku a raina, wanda babu akuya babu famfo a cikinsa, sai ga baƙi da la'asar.

Fasto ne da dattawan ikilisiya biyu, fuskokinsu kamar masu zuwa ta'aziyya. Ɗaya daga cikin dattawan tsohon soja ne, mutum mai saurin fushi wanda ko sanarwa yake yi a coci sai yara sun yi tsit. Nas ta riga ta kai labari wajen matan zumunta, su kuma ba su bar shi ya huce ba. Aka shimfiɗa musu tabarma. Idon tsohon sojan ya sauka a kan buzu a katanga, ya gangaro kan buta a ƙarƙashinsa, ya ja tsaki.

Fasto ya fara a hankali. "Ɗan'uwa, in mun yi maka laihi a ikilisiya, ka gaya muna. In maganar sabbin ganguna ce da munka ce a dakata..."

Bai ƙarasa ba aka yi sallama. Malam ne, ya shigo ta 'yar ƙofa da sandarsa, da sabon carbi a hannu. Ya ga fasto, fasto ya gan shi. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo ta mutanen da suke girmama juna amma kowa ya san abin da ya kawo ɗan'uwansa. Malam ya zauna a ɗaya gefen tabarma. Ni ina tsakiya. A lokacin ne, sai a lokacin, ƙwai uku da buta da albarkar dattijo suka haɗu a kaina wuri guda. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Ni ban ce mishi komi ba," in ji Malam. "Shi yaz zo da ƙahwarshi."

"To shi buɗe baki shi yi magana!" in ji tsohon soja.

Haka na buɗe baki, a gaban fasto da dattawa da Malam, da Hajiya da nas da matata a bakin ƙofa, na ba da labari tun daga takardar ofis har zuwa akuya da famfo. Ban taɓa jin muryata ta yi ƙanƙanta haka ba. Da na kai wajen shinshina hannu, ɗaya dattijon ya juya baya kafaɗunsa suna rawa.

Malam ne ya fara dariya a fili. Ya yi ta yi har ya share ido da gefen rawani. Ya mai da carbin aljihu ya ce, "Kwana biyu ina murna, ashe da akuya nika takara. Ba komi. Butar ka riƙe, ta yi maka amfani."

Sa'an nan ya daina dariya ya dube ni.

"Maƙwabci, mu ma muna da irin wagga. In mutum ya rasa zaɓi tsakanin abu biyu, shi yi istihara, shi roƙi Allah shi zaɓa mishi. Amma ba a yin ta kan abin da Allah ya riga ya wajabta. Ba wanda ka istihara shi ji ko shi ciyar da uwarshi. Tsohuwar nan ita tar riƙe ka?"

"Ita ta."

"Tana da wani bayan kai?"

"Babu."

"To mi kaka tambaya?"

Fasto ya yi gyaran murya ya ce abin da ya faɗa ke nan a ƙarshen wa'azin ran Lahadi, cewa alamar nan rangwame ce ga mai raunin zuciya, ba hanya ce da aka ce a bi ba, kuma abin da aka riga aka rubuta a sarari ba ya bukatar fatar rago. Ya tambaye ni ko ina wurin. Na ce ina baya ina shirya mawaƙa. Tsohon soja ya ce shi a zamaninsa wanda aka ba umarni sau ɗaya ya tsaya neman na biyu, gadirum ake kai shi. Suka tashi tare, fasto da Malam suna tafe suna hira kamar tsofaffin abokai, aka bar ni da buta.

Mai hankali da ya tsaya nan. Ni haushi ne ya kama ni. Na ji an taru an yi mini dariya a gidana, kuma kowa ya yanke hukunci ba a tambayi mai abin ba. Na ce wa matata gwaji ɗaya ya rage, na gaskiya: bakin Inna. In ta ce in zo, zan zo. In ta ce kar in zo, magana ta ƙare. Matata ta ce, "Ka dai san abin da za ta ce." Na sani mana, shi ya sa na zaɓa. Inna mace ce da ko zazzaɓi ya kayar da ita sai ta ce hutawa take.

Ran Asabar na hau babur. Na wuce Ambursa, fadama ta yi jawur da shinkafar rani, mutane suna ta yanka suna bugu, ban tsaya ko'ina ba sai ƙofar gidan Inna. Tun kafin in yi sallama ta ce, "Ɗana, kai na? Na ji ƙarar tsohon babur ɗinka." Ta tashi ta shiga madafa, ta fito, ta ɗauko kwano daga inda yake, ta tsallake turmi, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ta yi mini tuwon shinkafa da miyar kifi, gishiri daidai. Ina kallonta ina ƙara samun ƙarfin gwiwa.

Bayan na ci na kawo maganar. Ban gama ba ta katse ni.

"Kar ka soma. Wa yac ce maka ina bukatar mai jinya? Yana ce kaɗan, kowane tsoho na da ita. Allah ya ba ka murya, ka zamna inda aka jin ta. Nan mi za ka yi, ka yi ma tsohwahhi waƙa suna gyangyaɗi?"

"Inna, kin tabbata?"

"Ka ga alamar ban tabbata ba?"

Na yi murna. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma murna na yi, har na ƙara tuwo. Na zauna muka yi hira, na ba ta labarin akuya ba tare da na faɗi dalilin buzun ba, ta yi dariya har tana tari.

Da rana ta yi sanyi na ce zan koma. Ta rako ni kamar kullum, ta fito har waje, ta wuce ƙofar gida da 'yan taku tana ba ni saƙon gaisuwa ga yara. Na tura babur gefen hanya na buga, ya ƙi tashi. Na sake bugawa, shiru. Na tsuguna ina duba fulogi. Daidai lokacin wani ɗan kabu-kabu da ya sauke fasinja a gidan da ke kallon namu ya tayar da nasa ya wuce.

Inna ta juya ta bi ƙarar da fuska, ta ɗaga hannu.

"Ka tahi sannu! Ka gaida yara!"

Na buɗe baki in ce ga ni nan, ban san abin da ya hana ni ba. Ta yi ta ɗaga wa baƙon mutum hannu tana murmushi har ƙarar ta ɓace a kwana. Sa'an nan ta sauke hannun, murmushin ya tafi, na ga fuskar da ban taɓa gani ba, fuskar tsohuwa mai tsoro. Ta juya ta miƙa hannu tana neman ƙofa. Ba ta nan. A cikin gida ta haddace kowane taku, amma rakiyata ta fito da ita inda ba ta haddace ba. Ta matsa hagu tana lalube iska, ta dawo dama, ƙafarta tana dosar bakin kwata. Tana magana ƙasa-ƙasa, taku uku tsakanina da ita, ina jin komai.

"Yesu, ina ƙohwar nan ta shiga kuma? Nuna min. Ka kai shi gida lahiya. Kuma don girmanka kar ka bari shi sani."

Na ajiye fulogin a ƙasa na tashi na kama hannunta. Ta zabura.

"Wa na?"

"Ni na, Inna. Babur ɗin ya ƙi tashi."

Ta juyo da fuska wajen muryata.

"Tun yaushe kake nan?"

"Ban tahi ba."

"Ashe laɓe kak koyo a birni," ta ce, amma muryar ba ta da ƙarfin faɗa.

Na juya da ita muka nufi ƙofa. Na tambaye ta ko ɗakin baya har yanzu yana yoyo. Ta ce yana yoyo. Na ce za a gyara shi kafin ruwa ya sauka, don keken ɗinki ba ya son laima, yara kuma sai a sa musu katifa a ɗakinta. Na jira ta kore ni kamar yadda ta saba. Sai ta ƙara damƙe hannuna da hannu biyu. Mun kusa bakin ƙofa ta ja ni baya kaɗan.

"Rage sauri, ɗana," ta ce. "Ba ni gani."